Riyad ko Manchesta: ina ya fi dacewa da ƙananan yara?

Ranar Lahadin da ta wuce matar ƙanina ta taso tun daga Idi-Araba ta same ni a Agege, goye da ƙaramin, tana riƙe da hannun babbar. Ko ruwan da na kawo mata ba ta gama sha ba ta ce, "Yaya, takardu biyu ne a hannun ɗan'uwanki, ni kuwa barci ya ƙaurace mini." Mijin nata likita ne. Wani asibiti mai zaman kansa a Riyad ya aiko masa da kwantiragi, sannan ga shi ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar aiki a Ingila. Shi lissafin albashi yake ta yi a waya dare da rana. Ita kuma abin da ya tsaya mata a rai daban ne: yarinya 'yar shekara huɗu, yaro ɗan shekara ɗaya da rabi, ina za ta kai su su tashi yadda take so?

Ta zo wurina ne don na zauna a wuraren biyu. Mun yi shekara huɗu a Riyad, daga 2017 zuwa 2021, muka yi uku da 'yan watanni a Manchesta, kafin jikin surukata ya matsa muka tattaro muka dawo Legas. Na yi haihuwa ɗaya a kowane gari. Abin da na faɗa mata har la'asar ta yi sanyi shi nake rubutawa a nan, domin na san a Agege da Obalende da Mile 12 akwai gidaje da yawa da ake wannan shawara a bayan labule, tun da guguwar ficewa ƙasashen waje da 'yan Legas ke kira japa ta shigo har cikin zangonmu.

Bari in fara da kuɗi, tunda da shi maza suke farawa. A Saudiyya ba a cire harajin albashi. Abin da aka rubuta a kwantiragi shi ne zai shiga asusu, kuma riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, don haka ba ka kwana da fargabar faɗuwar kuɗi irin wadda muka sani da naira. Amma mai iyali yana da nasa harajin. A watan Yulin 2017, daidai shekarar da muka isa, aka fara karɓar riyal 100 a wata kan kowane mutum da ma'aikaci baƙo yake riƙe da shi. A idona ya zama 200, ya zama 300, ya kai 400 a 2020. Mace da yara biyu ke nan riyal 1,200 duk wata, 14,400 a shekara, wato dala 3,840, kafin a sayi shinkafa ko a biya makaranta. Na ga maƙwabtanmu 'yan Sudan da 'yan Indiya suna mayar da mata da 'ya'ya gida saboda wannan kuɗi, benenmu ya yi tsit kamar an yi shara. Harajin kayan masarufi ma ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a 2020.

A Ingila kuwa tun kafin albashi ya taɓa hannu an yanke rabon gwamnati. Fam 12,570 na farko a shekara ba haraji, daga nan kashi 20 cikin ɗari, abin da ya haura fam 50,270 kuma kashi 40, ban da kuɗin inshorar ƙasa da na fansho. Sai hayar gida, wadda ita ce babbar mai cin albashi, sai harajin ƙaramar hukuma da ake biya kan gidan da kake haya, sai gas da wuta, waɗanda da hunturu sukan sa mutum ya tsaya yana kallon takardar biya yana salati. Akwai kuma kuɗin lafiya da baƙi ke biya tare da biza, fam 1,035 ga babba da fam 776 ga yaro a kowace shekara tun Fabrairun 2024, kuma na duk shekarun bizar ake biya a dunƙule. Sa'ar ƙanina ita ce masu bizar ma'aikatan lafiya da iyalansu an ɗauke musu wannan. Wanda zai tafi da wata sana'a ya lissafa shi tun yana Legas. Sannan a jikin bizar an rubuta cewa ba ka da rabo a tallafin gwamnati, don haka kuɗin yara da 'yan ƙasa suke karɓa ba naka ba ne.

Idan tara kuɗi ne kaɗai, ba wata gardama: mun ajiye a Riyad abin da ba mu taɓa ajiye rabinsa a Manchesta ba. Filin da muka gina a Kano da gumin maigidana na Riyad aka saye shi. Sai dai na ce wa Amarya, don har yau haka nake kiranta, kada ta bari a yanke wannan shawara a kan albashi. Mijinta zai fita da asuba ya dawo bayan magariba, wani lokaci ya kwana a asibiti. Wadda za ta yini da garin ita ce. Don haka abin da ya kamata a auna shi ne yadda yininta zai kasance da yara biyu a hannu, daga sallar asuba zuwa lokacin da za ta ji ƙarar makulli a ƙofa.

A Riyad yini na cikin ɗaki ne. Daga Yuni zuwa Satumba zafi yakan wuce digiri 40, har doka ta hana sa leburori aiki a rana daga sha biyu zuwa uku. Ba irin zafin Legas mai gumi ba ne, busasshe ne, kamar ka buɗe murfin tanda. Ranar farko da na ɗora 'yata a lilon ƙarfe da hantsi ta ƙwalla ƙara, cinyarta ta yi ja. Daga nan na gane dalilin da ya sa filayen wasa suke wayam da rana. Garin da dare yake farkawa. Bayan isha'i za ka ga iyalai sun shimfiɗa darduma a lambu, ga fulas ɗin gahawa, ga dabino, yara na guje-guje har sha ɗayan dare ba wanda ya ɗaga kai. Wannan ya yi mini daɗi, amma sai maigida ya dawo ake samunsa, domin Riyad gari ne na mota. Tituna ne masu faɗi, ba a yi su don mai tura keken jariri ba. An ba mata damar tuƙi a watan Yunin 2018, ina can, na ga matan farko da suka hau titi, amma ni ban iya ba a lokacin, don haka kullum ina jiran Uber ko Careem. An buɗe jirgin ƙasan cikin gari a Disambar 2024, bayan mun bar ƙasar. Akwai satin da zan ƙirga kwana biyar ban taka ƙofar gida ba, daga ni sai yara sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki.

Macen da ta tashi a Agege ba ta san wannan shirun ba. A nan ko ba ki fita ba gari zai shigo miki: mai talla, maƙwabciya ta zo aron turmi, 'yan Islamiyya sun biyo ɗaukar yaro, ƙarar danfo da kiran salla daga masallatai uku a lokaci guda. Na ce wa Amarya wannan shi ne abin da za ta fi rasawa, ko ina ta nufa.

A Manchesta ƙofa a buɗe take, sararin sama ne yake rufewa. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ina zuwa ɗauko yara daga makaranta ƙarfe uku da 'yan mintuna, kafin mu iso gida fitilun titi sun kama, azahar da la'asar da magariba sun taru a cikin 'yan sa'o'i. Ga yayyafi wanda ba ya ƙarewa. Fita da yara uku aiki ne na rabin awa: rigar ciki, rigar sanyi, babbar riga, safa, hula, safar hannu, sannan ledar da ake lulluɓe keken jariri. Kin gama sai ɗaya ya ce fitsari. Hunturun farko na yi kuka ba sau ɗaya ba, ba tare da wani ya yi mini komai ba. Ma'aikaciyar lafiya mai zagayen gidajen masu jego ce ta ce in riƙa shan sinadarin bitamin D, ni da yaran, saboda fatarmu ba ta samun ranar da ta saba.

Amma da ƙafata nake zuwa ko'ina. Bas yana da wurin keken jariri. Ɗakin karatu na unguwa yana da safiyar da ake tara ƙananan yara ana musu waƙa da labari kyauta, a nan na haɗu da wata 'yar Somaliya da wata 'yar Zariya waɗanda suka zama 'yan'uwana. Filin wasa yana bayan gida. Kuma abin da ya fi komai nauyi a wurin Amarya, wadda ta karanta harhaɗa magunguna: matar mai bizar aiki a Ingila tana da izinin yin aiki. A Saudiyya iƙamar rakiya, wato takardar zaman da ake ba iyalin ma'aikaci, ba ta aiki ba ce, sai an bi wata hanya ta daban an samo izini. Shekara huɗu takardun karatuna suna cikin akwati a Riyad. A Manchesta na yi aikin rabin yini a wani kanti, ba don kuɗin ya yi yawa ba, don in ji ana kiran sunana.

Sai dai aikin mace a Ingila yana da ƙaya, kuma ƙayar ita ce reno. Babu 'yar aiki, babu ƙanwar miji, babu almajirin aike. Gidan renon yara na cikakken yini yana iya cinye albashin uwar gaba ɗaya. Yaro in ya cika shekara uku yana samun awa 15 a mako kyauta, mako 38 a shekara, kuma wannan har 'ya'yan baƙi. Ƙarin awannin da ake ba iyaye ma'aikata, masu biza irin tamu ba sa cikinsu. Don haka za ka ga miji na aikin dare, mata na aikin rana, suna miƙa wa juna jariri a bakin ƙofa kamar masu canjin gadi. Na ga auren da wannan ya gajiyar. Kuma kada a yi gangancin kulle yara a gida a ce minti talatin ne. A Agege maƙwabciya za ta leƙa miki su. A can maƙwabciya waya za ta ɗauka.

Ta fuskar makaranta Ingila ta yi gaba, nesa ba kusa ba, ga mai ƙaramin ƙarfi. Makarantar gwamnati kyauta ce. Yarinya kamar ta Amarya za ta shiga ajin share fage a watan Satumban da ya biyo bayan cikarta shekara huɗu, kuma shekara uku na farko abincin rana kyauta ne ga kowane yaro. A unguwannin da Musulmi suke da yawa, irin su Cheetham Hill da Longsight, makarantu da dama suna ba da abincin halal. A Riyad makarantun gwamnati da Larabci ake koyarwa, yawancin baƙi kuma makarantun kuɗi masu Turanci suke kai 'ya'yansu, kuɗin kuma ba wasa ba. Idan kwantiragi bai ɗauki kuɗin makaranta ba, rabin ribar zuwa Saudiyya ta tafi.

Makarantar Ingila kyauta ce, amma tana da ido, kuma idon yana shiga har cikin gida. Wata safiya malamar ɗana ta tare ni a ƙofar aji, cikin ladabi, ta ce ta ga tabo a ƙwaurinsa, me ya same shi? Hita ce ya jingina da ita. Na yi bayani, ta rubuta a takarda, ta ce in sa hannu. Na koma gida jikina na rawa, ina jin kamar an tuhume ni da cutar da ɗan da na haifa. Daga baya na fahimci doka ce ta ɗora musu, kowane yaro haka ake yi masa, kuma akwai yaran da wannan tambayar ta ceci ransu. Duk da haka dole uwa Bahaushiya ta san inda ta sa ƙafa. A Sukotlan tun 2020, a Wales tun 2022, dukan yaro ko da tafin hannu laifi ne. A Ingila doka ta bar ɗan sarari, amma bulala ko duk abin da ya bar shaida a jiki zai iya kawo ma'aikatan kula da yara har falonki. Wanda bai iya tarbiyya ba sai da dorina, ya koyi wata hanyar tun kafin ya hau jirgi. Ni a can na koyi hana kallon talabijin, da zaunar da yaro a yi magana ido cikin ido, kuma har yau da su nake aiki a Agege.

Haka zancen fashin makaranta. Ba a ɗauke yaro a tafi bikin ƙanwa a Kano a tsakiyar zango. Tun Agustan 2024 tarar ta zama fam 80 kan kowane yaro, uwa daban uba daban, tana ninkawa in an yi jinkirin biya. Ranar salla yawanci sukan ba da kwana ɗaya in an nema. Dogon hutu kuma a ƙarshen Yuli da Agusta yake, lokacin da kuɗin jirgi yake tashi sama. Sannan tun 2020 akwai darasin zamantakewa da iyali da ya zama dole a firamare, ana nuna wa yara nau'o'in iyali da ba su dace da abin da muke koya musu a gida ba. Iyaye suna da haƙƙin ganin abin da ake koyarwa, ni kuma na je na gani, na dawo na zauna da 'yata muka yi magana. Uwar da ba za ta iya irin wannan zama ba, za ta sha wahala.

A nan ne Riyad take da abin da kuɗi ba ya saye. Yaro yana tashi da kiran salla a kunnensa sau biyar, kamar a gida. Juma'a da Asabar ne hutu, uba ya riƙe hannun ɗansa su tafi masallaci ba neman izinin kowa. Ba na juya kwalin biskit ina neman ko akwai alade a ciki. Azumi na gari ne gaba ɗaya, an rage awannin aiki, makaranta ta sassauta. 'Yata ta fara hadda a wata makarantar yamma ta mata a unguwarmu, bakinta ya kama Larabci tun tana shekara biyar. Makka tana da nisan kusan kilomita 900 daga Riyad, amma mun yi umara da yara a mota fiye da sau biyar, kuma a Makka da Jidda sai ka ji Hausa a kasuwa daga bakin jikokin mutanenmu da suka je tun zamanin tafiyar ƙafa. A Manchesta addini aikin hannunki ne. Masallatai suna nan da yawa, nama na halal ba wuya, amma Islamiyya sai bayan an taso boko, biyar zuwa bakwai, cikin duhu da sanyi, da kuɗi, yaro a gajiye. Da bazara kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, ki yi ta fama da yaro ya kwanta yana nuna miki haske a taga.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Baƙar fata tana jin kallo a ƙasashen biyu. A Riyad an sha ɗauka ta 'yar aiki ce ni, a tambaye ni ina uwar ɗakina. A Manchesta ba a faɗa a fuska, sai dai ki ji a yadda aka amsa miki. Yara suna lura da wuri, kuma gara su ji bayanin daga bakinki.

Zancen harshe shi ne wanda na fi daɗewa a kai da Amarya, don shi ne ya fi ci mini rai. Mu Hausawan Legas muna ganin mun san riƙe harshe a baƙon wuri. Kakanninmu sun zo fataucin goro da shanu, ga mu har yau muna Hausa, muna Yarbanci, muna Broka, ba wanda ya kori wani. Amma ba mu muka riƙe Hausar ba, zango ne ya riƙe mana: mai shayi, malamin allo, gidan suna, fadar Sarkin Hausawa. A Riyad yarana ba su rasa Hausa ba, saboda yininsu da ni ne, kuma Larabci da Turanci sun raba ƙarfi, babu wanda ya danne. A Manchesta Turanci shi kaɗai ne a fili, ga makaranta, ga talabijin, ga abokai. Ɗana ya shiga aji yana Hausa tsantsa. Kafin shekara ta zagayo ina yi masa magana da Hausa yana mayar mini da Turanci.

Ranar da abin ya dake ni, Hajiyarmu ce ta kira ta bidiyo. Ta ce, "Maigidana, ina kwana? Ya sanyi? Me za ka sayo mini?" Ya ce "lafiya lau," ya tsaya yana kallonta, bakinsa na motsi, kalmar ta ƙi zuwa. Sai ya miƙo mini wayar ya gudu. Hajiya ta yi murmushi ta ce ba komai, yaro ne, amma na ga ta sa bakin mayafi ta share ido. Daga daren nan muka kafa doka: daga ƙofar gida zuwa ciki Hausa ce, wanda ya nemi ruwa da Turanci a maimaita masa har ya faɗa. Kowane dare "ga ta nan, ga ta nanku," Gizo da Ƙoƙi har na ƙare waɗanda na sani na kira Hajiya ta ƙaro mini. Ya dawo, amma da aiki, kuma na san gidaje da yawa da bai dawo ba.

Haihuwa kuma, tunda Amarya ba ta gama ba. A wuraren biyu na sami kulawar asibiti da ban taɓa samu ba. A Riyad inshorar da asibitin maigida ya yi mana ce ta biya, domin doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci da iyalinsa. A Manchesta ban biya ko kwabo ba, ungozoma ta biyo ni gida, aka ba ni jan littafin da ake rubuta nauyin jariri da rigakafinsa. Abin da babu shi ne jego. A Riyad mun samo wa Hajiya bizar ziyarar iyali, ta zo ta yi mini wanka da ruwan zafi, ta dama kunun kanwa, ta yi umara ta koma. Ragon suna maigida ya je kasuwar dabbobi ya zaɓa da hannunsa aka kai mayanka. A Manchesta bizar ziyara ba ta fito a kan lokaci ba. Kwana uku da haihuwa ina tsaye ina dafa wa yara taliya. Ba a yanka a gida a can, don haka kuɗi muka turo aka yanka ragon a Agege, muka kalli raɗin sunan ɗiyarmu a waya, mu biyar a falo.

A sani kuma, haihuwa a ko wacce daga cikinsu ba ta ba yaro ƙasa. Ingila ta daina wannan tun 1983, sai in ɗaya daga iyaye ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin. Bambancin shi ne a Ingila akwai hanya: an saba bayan shekara biyar ana neman zaman dindindin, ko da yake a watan Mayun 2025 gwamnati ta bayyana aniyar mayar da shi shekara goma ga yawancin baƙi. Dokokin suna ta tsukewa. Tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa tafiya da iyali, tun Maris na shekarar masu aikin kula da tsofaffi ma haka. Likita da nas har yanzu suna iya tafiya da nasu. A Saudiyya kuwa ko shekara talatin ka yi, iƙamarka a jikin aikinka take. Ranar da aiki ya ƙare, kwanakinka ƙirgaggu ne, a ba ka kuɗin sallama, rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar na farko, cikakken wata a kan na bayansu, ka tattara. Ko hutu za ku zo, sai maigida ya fitar wa kowa bizar fita da dawowa ta manhajar Absher. Wannan yana da ɗaci, amma yana da amfani guda: ba wanda yake ruɗin kansa cewa ya zauna. Kowa yana gini a gida.

Nisa kusan ɗaya ne. Legas zuwa Landan awa shida da rabi ne, tun Maris 2024 ma Air Peace yana zuwa filin jirgin Gatwick na Landan kai-tsaye. Agogon Ingila daidai yake da namu da bazara, da hunturu muna gabansu da awa ɗaya. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Guzuri dai a kiyaye: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji suna shiga Ingila, amma kilishi da man shanu ba sa shiga, doka ta hana nama da kayan madara.

Da ta gaji da saurare ta ce, "To Yaya, ke in ke ce fa?" Na ce mata ga yadda nake gani. Idan niyyarku shekara uku zuwa biyar ce, ku tara abin gini da jari ku dawo, kuma yaran ba su wuce shekara bakwai ba, Riyad ta fi. Shekarun da yaro yake kafa harshe da salla ke nan, makaranta ba ta yi tsada sosai ba tukuna, Hajiya tana iya zuwa. Idan kuwa ke ba za ki iya ajiye aikinki ba, ko shi yana neman horon ƙwarewa da takardar da za ta yi masa amfani ko'ina, ko kuna son yaran su yi karatu har jami'a a wuri ɗaya, to Ingila, amma ku shiga da sanin cewa Hausa da Islamiyya sun zama aikinku na kullum kamar girki, kuma shekara biyun farko ba za ku ajiye komai ba. Abin da ban ba ta shawara ba shi ne ya tafi ya bar ta a Idi-Araba da yara a ce sai an daidaita. Na ga "wata shida" ya zama shekara huɗu, yaro yana ɓuya a bayan uwarsa ranar da ubansa ya dawo.

Su nasu yaran ƙanana ne, kuma ƙanina ya sha faɗa cewa shi a Kano yake son ya buɗe asibitinsa. Don haka na karkata ga Riyad, da sharaɗi huɗu da na sa ta rubuta a bayan takardar awon yaro: kwantiragin ya faɗa a rubuce cewa na mai iyali ne, wa zai biya riyal 400 na kowane kai, nawa ne kuɗin makaranta da na gida, kuma tikitin hutun shekara na mutum nawa ne. In biyu daga ciki suka faɗi, lissafin ya canza, a sake zama.

Ya aika musu da tambayoyin ranar Talata, suna jiran amsa. Ita kuma na haɗa ta da wata mai koyar da tuƙi a Ikeja, domin na ce mata ko da wasa kada ta sauka a Riyad ba ta iya mota ba. Jiya Asabar ta fara. Ta bar mini yaran, na zaunar da babbar a tabarma muna tsince shinkafa, ina yi mata tatsuniyar da Hajiya ta ƙaro mini a waya.